Kafin ka ce a mayar maka da kwanan wata baya

'Yan uwa ɗalibai, musamman waɗanda ke kan babi na uku a wannan zangon. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Akwai wata takarda guda ɗaya da kusan kowannenmu ke liƙawa a can ƙarshen kundin bincike, kusa da samfurin takardar tambayoyi: takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Ba mai karanta ta. Sufabaiza yana duba ko akwai ta, mai jarrabawa na waje yana duba ko da hatimi, shi ke nan. Shi ya sa muka mayar da ita kamar rasit ɗin kuɗin makaranta, abin da ake nunawa a wuce. Kuma kowa ya san yadda ake yi. Mutum ya tafi hutu gida, ya raba takardun tambayoyi ɗari uku, ya yi lissafinsa, ya rubuta babi na huɗu, sai ana saura wata ɗaya a yi difens a tuna masa babu takardar nan. Daga nan sai ka ga saƙo a gurup ɗin aji: jama'a wa ya san wani a kwamiti, a taimaka a sa min kwanan wata na baya. Ba wanda yake ɗaukar abin laifi, har 'yar fuskar dariya ake turowa.

To wannan maganar ta mayar da kwanan wata baya, mu 'yan Arewa muna da tarihi da ita, kuma abin mamaki da yawanmu ba su san shi ba, ko sun san sunan kawai.

A farkon 1996, zamanin mulkin Janar Abacha, aka yi annobar sanƙarau da ba a taɓa ganin irinta ba a ƙasar nan. Mutum sama da dubu ɗari suka kamu, waɗanda suka rasu sun haura dubu goma. Ku tambayi iyayenku, za su ba ku labari. A Kano, Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF tana wurin tana ba da magani kyauta, maganin da aka daɗe ana amfani da shi a irin wannan annoba. Ana cikin haka tawagar kamfanin Pfizer ta sauka daga Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba shi lasisin sayarwa ba tukuna. Suka ɗebi yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani, seftiriyazon, amma a ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Cikin 'yan makonni suka tattara kayansu suka tafi, annoba kuwa tana nan. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu makanta, wasu shanyewar jiki.

A nan ne nake so mu yi hankali, don mun saba ba da labarin nan da zafin rai. Kamfanin ya dage, har gobe, cewa bai yi laifi ba. Ya ce sanƙarau da kanta tana kisa kuma tana barin irin wannan nakasar, ya ce adadin yaran da suka rayu a hannunsa ya fi na waɗanda ba su shiga gwajin ba, ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa kuma sun amince da baki. Ni ba likita ba ne, ba zan zauna a Facebook in yanke hukuncin wane magani ya kashe wane yaro ba. Amma ko da a ce duk abin da suka faɗa kan maganin gaskiya ne, tambayar tana nan daram. Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba wanda ya gaya musu cewa suna iya ƙi, ba wanda ya nuna musu cewa ga can, a harabar asibitin ɗaya, ana ba da maganin da aka riga aka sani kyauta. Kuma babu takardar amincewa da iyaye suka sa wa hannu da aka iya fitarwa. Ka ɗauka kai ne uban, ka sauko daga mota da yaro wuyansa ya sanƙare, ka ga Bature da farar riga. Me za ka tambaya? Ai duk abin da aka ce maka to za ka ce.

Yanzu ga inda labarin ya shafe mu kai tsaye. Cikin takardun da kamfanin ya miƙa wa hukumar kula da magunguna ta Amurka akwai wasiƙa a kan takardar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mai kwanan wata 28 ga Maris 1996, tana cewa kwamitin ɗa'a na asibitin ya duba gwajin ya amince. Da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000 da farkon 2001, shugaban asibitin na lokacin, Farfesa Sadiq Wali, ya ce a ranar da ke kan wasiƙar asibitin ba shi ma da kwamitin ɗa'a. Daga baya aka rubuta ta, aka mayar mata da kwanan wata baya. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya gama rahotonsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa doka. Rahoton bai ga rana ba sai 2006, shi ma sai da jaridar nan ta samo kwafi ta buga.

Wato abin da muke roƙo a gurup da fuskar dariya, shi ne abin da ya zama ɗaya daga manyan hujjoji a shari'ar da ta kai har kotunan Amurka. Na san za ku ce haba malam, ina takardar tambayoyin ɗan masta ina gwajin maganin kamfanin duniya. Gaskiya ne girman ba ɗaya ba ne. Amma ma'anar aikin ɗaya ce. Amfanin kwamiti shi ne wani wanda ba shi da riba a cikin bincikenka ya kalle shi kafin ka taɓa mutum ko ɗaya, ya tambaye ka abin da gaggawa ta hana ka tambayar kanka. Da akwai kwamiti na gaske a Maris ɗin 1996, wani zai ce ina fassarar Hausa ta bayanin da za a yi wa iyaye, me ya sa za a rage adadin ɗaya maganin, wa zai ci gaba da duba yaran nan bayan kun koma ƙasarku. Bayan an gama aiki waɗannan tambayoyin ba su da wani amfani. Takardar da aka samo daga baya ba ta kare kowa, sai dai ta yi shaidar zur cewa an kare su.

Ƙarshen shari'ar a gurguje: gwamnatin Kano da ta tarayya sun shigar da ƙara a 2007. A Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar da ake kira Abdullahi da Pfizer, ta ce yin gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba ya saɓa dokar ƙasa da ƙasa. A wannan shekarar aka yi sulhu da Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Sai a Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta don a tabbatar 'ya'yansu ne. Shekara goma sha biyar ke nan. Shi kuwa Trovan, Amurka ta ba shi lasisi don manya a 1997, a 1999 ta taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta, Turai ta dakatar da shi.

Amma asarar da ta fi kuɗi ba a kotu aka lissafa ta ba. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa. Dalilan suna da yawa, akwai siyasa, akwai yanayin duniya bayan yaƙin Iraƙi, akwai jita-jitar hana haihuwa. Sai dai duk wanda ya so ya rufe bakin ma'aikacin lafiya a lokacin, kalma ɗaya yake buƙata: Pfizer. Kuma me za ka ce masa, tunda abin ya faru? Kano ba ta dawo da allurar ba sai tsakiyar 2004, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a waɗannan shekarun ba su cikin 200 ɗin nan, ba wanda ya biya su diyya.

Mu a Potiskum ba sai an yi mana dogon bayanin sanƙarau ba. A farkon 2024 ta shiga makarantun kwana na garin nan da kewaye, rahotanni suka ce ɗalibai 20 ne suka rasu. A shekarar ce kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar, kuma Yobe na cikin jihohin da aka fara kai ta. Ita kanta wannan allurar ba daga sama ta faɗo ba, sai da aka gwada ta a kan mutane a Mali da Gambiya, da izinin kwamitoci da yardar waɗanda aka gwada a kansu. Ka ga ke nan ba bincike ne abokin gaba ba. Ba mu da yadda za mu yi sai da shi. Dubi ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da yankin Bade shekara da shekaru. Ba za a taɓa gano dalilinsa ba sai mutane sun yarda sun ba da jini da fitsari, sun buɗe gidajensu an ɗebi ruwan da suke sha. Duk wannan a kan yarda yake tafiya. Kuma yardar nan ba ta kamfani ba ce ko ta gwamnati, ta gari ce gaba ɗaya, duk mai riƙe da takarda da biro yana ɗiba daga cikinta. Tsohuwar da ke Dogo Nini ba ta bambance ɗan masta da ma'aikacin allura da ɗan ƙungiyar agaji, duk “masu rubuta suna” ne. In ka yaudare ta, wanda zai zo bayanka da allura shi zai biya.

Bayan abin da ya faru a Kano ne ƙasar ta gyara tsarinta. An kafa kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, wanda ake kira NHREC, a 2005. Ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi gindin zama a doka. Shi ke yi wa kwamitocin asibitocin koyarwa da jami'o'i da ma'aikatun lafiya na jihohi rajista. In gwajin magani ne, sai an haɗa da izinin NAFDAC. A duniya ma haka abin yake, kowace ƙa'ida bayan wata ɓarna aka rubuta ta: ta Nurambag a 1947 bayan abin da likitocin Hitila suka yi wa fursunoni, sannan Amurka ta ƙarfafa nata dokokin bayan an gano cewa daga 1932 zuwa 1972 an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata a Alabama da ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki.

Na san 'yan sashen ilimi da zamantakewa da aikin jarida sun fara cewa wannan matsalar 'yan kiwon lafiya ce, mu ba ma tsira wa kowa allura. Wallahi a wajenku ne ma na fi jin tsoro, don ku ba mai sa muku ido. Tambaya ma tana iya yin rauni. Garin nan ya ga abin da ya gani: harin kasuwar shanu a 2012, na makarantar Mamudo a 2013, bam ɗin makarantar kimiyya da fasaha a Nuwamban 2014. Kowace shekara akwai wanda taken furojet ɗinsa ya shafi illar rikicin nan a kan mata ko marayu ko ɗalibai. Za ka zauna gaban matar da aka kashe ɗanta, ka sa ta maimaita ranar daki-daki, ta yi kuka, ka kashe rikoda ka ce mun gode Mama, ka hau keke Napep. Wa zai zauna da ita a daren? Kwamiti mai kyau zai tambaye ka wannan, zai ce ina za ka tura wanda hirar ta tayar masa da tsohon ciwo, kuma ka gaya mata tun farko tana iya tsayar da hirar duk lokacin da ta ga dama.

Sai maganar ɓoye suna. Muna tsammani in mun cire suna mun gama. A gari irin namu, in ka rubuta “wata bazawara mai shekara 34, malamar firamare, mai 'ya'ya huɗu, a unguwa kaza, tana karɓar maganin ƙanjamau”, ai ka faɗi sunanta har da na kakanta. Balle masu ɗaukar hoto suna hira da majinyaci ko almajirai, su ɗora a sitatus da rubutun “aikin fili, Alhamdulillah”. Wa ya ba ka izinin fuskar yaron nan? Tun 2023 ƙasar tana da dokar kare bayanan mutane, kuma bayanan lafiya na cikin waɗanda ta fi tsaurarawa a kansu, amma mu takardun da aka cika suna nan zube a shagon mai buga takardu, kowa ya ɗauka ya karanta.

Abin da ya fi damuna, kuma ban cika jin ana maganarsa a lakca ba, shi ne maganar tallafi. Shekarun rikici sun koya wa mutanenmu cewa duk wanda ya zo da takarda yana tambayar yara nawa, abinci sau nawa a rana, to shinkafa ko kati na tafe. Za su taru, za su amsa komai, har su ƙara gishiri. Ɗalibi ya ga layi ya yi tsawo, ya san sarai dalilin, ya yi shiru don adadinsa ya cika. Na taɓa ji da kunnena wani yana ba ƙaninsa shawara: kar ka ce musu ba komai, ka ce dai za a kai sama. Wannan ba yarda ba ce. Iyayen Asibitin Zana sun ɗauka magani kawai ake bayarwa, waɗannan sun ɗauka rajistar tallafi ake yi, duka biyun an bar su cikin kuskuren fahimtarsu saboda kuskuren yana da amfani ga mai bincike. Ka buɗe baki ka ce: ni ɗalibi ne, wannan aikin makaranta ne, ba a raba komai, wanda ya ƙi ba abin da zai rasa. Rabin layin zai watse. Waɗanda suka rage su ne naka, kuma amsoshinsu sun fi kusa da gaskiya.

Haka batun wa ke ba da izini. Al'adarmu ce ka fara gaida mai unguwa ko hakimi, ka nemi iznin maigida kafin ka yi magana da matarsa, ka sami malam kafin almajiransa. Wannan daidai ne, wanda ya tsallake shi ma ba zai yi nisa ba. Amma izinin shiga gida daban, yardar wanda za a yi wa tambaya daban. Mai unguwa ya ce kowa ya ba ka haɗin kai, matar ta zo don kar a ce ta ƙi maganar manya. Sai ka keɓe da ita, ko 'yar uwarta mace ta keɓe da ita, a sake tambaya, a bar mata ƙofar cewa a'a ba tare da kowa ya sani ba. Yaro kuwa sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa, sannan shi ma a tambaye shi da irin maganar da zai gane.

Sannan harshe. Takardar amincewa shafi biyu da Turancin da ko mu sai mun karanta sau biyu, a miƙa wa dattijo a ce dangwala nan, Baba. Ko Hausar ma ba kowa ba. Ka fita ƙauyukan Fika da Nangere da Fune, za ka sami tsofaffin da Hausarsu ta ciniki ce, zuciyarsu da Bolanci ko Karekare ko Ngizim ko Fulatanci take fahimta. In ba ka jin harshen, nemi wanda yake ji, kuma kar ya zama ɗan gidan da ake jin nauyinsa. Hanya mafi sauƙi da na gani ita ce bayan ka gama bayani ka ce, Baba, in wani ya tambaye ka me na zo yi, me za ka ce masa? Amsarsa za ta nuna maka ko ya gane.

Kar a ce na ɗora wa ɗalibai laifi duka. Kwamitocin ma suna da nasu. Wani wurin ka biya kuɗi, ka kai kwafi huɗu, ka yi ta sintiri wata da watanni, ƙarshe a ba ka takarda ba tare da an gyara maka ko waƙafi ba, abin da ke nuna ba wanda ya buɗe. Wani wurin kwamitin bai zauna ba tun bara. Kuma ban taɓa jin an biyo ɗalibi fili an ga ko abin da ya rubuta shi yake yi ba. Sassanmu ma suna koyar da darasin hanyoyin bincike zango guda, ɗa'a ta sami rabin awa a makon ƙarshe. In tsari ya nuna wa ɗalibi cewa takardar ce kawai ake so, ba abin mamaki ba ne ya nemi takardar ta hanya mafi kusa. Ya kamata ƙungiyoyin ɗaliban gaba da digiri su riƙa tayar da wannan maganar a zamansu da hukumar makaranta, a sa ranakun zaman kwamiti a allo, a rage wa ɗalibai kuɗi. Amma lalacin kwamiti bai sauke maka nauyin matar da ke zaune gabanka ba, don ita ba kwamiti ta gani ba, kai ta gani.

Ga wanda bai fita fili ba tukuna: da zarar an amince da furofozal ɗinka, a makon ka kai takardunka, ka ba su wata biyu zuwa uku a lissafinka. Akwai kwas na intanet kyauta mai suna TRREE da ke ba da satifiket ɗin horon ɗa'a, kwamitoci da dama suna nema, kwana biyu ya ishe ka. In kana ganin bincikenka ba ya buƙatar izini, misali tsofaffin alƙaluma kawai za ka duba, ba kai ke yanke wannan ba, kwamiti ne zai rubuta maka cewa an ɗauke maka. Wanda kuwa ya riga ya tattara bayanai ba izini, ya je ya gaya wa sufabaizansa yadda abin yake, a ga abin da za a iya cetowa, ko da zai kai ga sake fita. Ƙarin zango ɗaya da ciwo, na sani, ga kuɗin rajista.

Ina da takardar amincewa da na rubuta da Hausa, shafi ɗaya, wadda kwamiti ya duba ya yi mata gyara. Duk mai so ya yi min magana ta inbos in tura masa ya daidaita ta da nasa aikin. Kuma in akwai mai iya mayar da ita Bolanci ko Karekare ko Ngizim, don Allah ya fito, mu haɗa su wuri ɗaya a ajiye wa 'yan baya.